Babi na Biyar: Aiki Ɗaya, Sakamako Biyu

A watan Yunin 1956 Jami'ar Oksfod ta Ingila ta shirya ba wa Harry Truman, tsohon shugaban Amurka, digirin girmamawa. Irin wannan karramawa ba a cika gardama a kanta ba: a karanta suna a taron malaman jami'a, a amince, a watse. A wannan karon sai wata malamar falsafa mai shekara 37, Elizabeth Anscombe, ta miƙe ta ce ba ta yarda ba. Hujjarta ita ce, wanda ya ba da umarnin jefa makamin ƙare-dangi a kan Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945, aka sake jefa wani a Nagasaki bayan kwana uku, ya zaɓi kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba domin ya cim ma burinsa. Wanda ya yi haka kuwa, a wurinta, mai kisan kai ne, komai kyan burin.

Masu kare Truman suka ce bam ɗin ne ya kawo ƙarshen yaƙi, ya kuma tsirar da rayukan da za su salwanta da an shiga Japan ta ƙasa. Anscombe ba ta musa wannan lissafi ba. Ta amince cewa muddin an dage sai Japan ta miƙa wuya ba tare da sharaɗi ba, bam ɗin ya rage yawan gawarwaki. Abin da ta ƙi shi ne a mayar da maganar ta lissafi kawai. Mutane ƙalilan ne suka mara mata baya, Truman ya karɓi digirinsa, ita kuma ta buga hujjarta a wata ƙaramar ƙasida da har yau ake koyarwa a jami'o'i.

Bambancin da ta tsaya a kai, tsakanin mutuwar da mutum ya nufa da wadda ta biyo bayan aikinsa alhali ba ita ya nufa ba, ba ita ta ƙirƙiro shi ba. Ta gaje shi ne daga wani malamin Katolika, Toma Akwinas, wanda ya rasu kusan shekara 700 kafin wannan taro. Wannan babi zai bi sawun tunanin nasa daga ɗakin karatu a Faris zuwa gadon asibiti, zauren kotu da fagen fama.

Malamin da danginsa suka kulle

An haifi Toma Akwinas a wajajen 1225 a Roccasecca, a kudancin Italiya, a gidan masu sarauta. Yana ɗan shekara biyar aka kai shi gidan masu zuhudu na Monte Cassino, iyayensa na fatan wata rana ya shugabanci wannan gida mai tarin dukiya. Daga nan ya wuce jami'ar Naples, wadda Sarki Frederick na Biyu ya kafa a 1224, inda ya haɗu da littattafan masanin falsafa Aristotal. A Naples ɗin ne ya shiga ɗarikar Dominik, wadda mabiyanta ke yawon wa'azi suna rayuwa da sadaka. Danginsa suka ga abin kunya ne ɗan sarauta ya koma bara, suka tare shi a hanya, suka kulle shi a gida kusan shekara guda. Da suka ga bai da niyyar sauya ra'ayi suka ƙyale shi, ya tafi Faris da Kolon ya yi karatu a gaban Albert, babban malamin ɗarikar.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ji baƙunta a wannan duniya ba. Da yawa daga ilimin Aristotal ya shiga Turai ne ta hannun masu fassara daga Larabci, tare da rubuce-rubucen Ibn Sina da sharhin Ibn Rushd, alƙalin Kurɗuba, Bamalike, mai littafin Bidayatul Mujtahid. Akwinas ya ambaci waɗannan malamai sau da yawa, wani wuri ya ɗauki maganarsu, wani wuri ya yi musu raddi mai zafi, kamar yadda ya yi wa mabiya Ibn Rushd a Faris a 1270 a kan batun hankali.

Babban littafinsa, Summa Theologiae, an gina shi ne mas'ala bayan mas'ala. Ya kawo tambaya, ya jera hujjojin da suka saɓa wa ra'ayinsa da dukkan ƙarfinsu, ya faɗi nasa, sannan ya koma ya amsa kowace hujja. Bai kammala littafin ba. Ya ajiye alƙalami a ƙarshen 1273, ya rasu ranar 7 ga Maris 1274, bai kai shekara 50 ba. A 1879 Paparoma Leo na 13 ya umarci makarantun Katolika su koma ga koyarwarsa, kuma daga nan ne ta sake bazuwa.

Tambaya ta 64

Abin da ya shafe mu bai fi shafi guda ba. Yana cikin tambaya ta 64 a sashe na biyu na kashi na biyu na littafin, inda ake maganar kisan kai. Fasali na bakwai ya tambaya: shin ya halatta mutum ya kashe wani domin kare kansa? A yau tambayar kamar ba ta da wuya, amma a wancan zamani tana da nauyi, domin Agustin, wanda ya rasu a 430 kuma ake ganinsa jigo a cikin malaman Kirista, ya nuna rashin gamsuwa da gama-garin mutum ya kashe wani don tsirar da ransa. Akwinas ba zai iya tsallake Agustin ba, ba zai kuma iya cewa wanda ɗan fashi ya tare ya miƙa wuya a yanka shi ba.

Mafitarsa ita ce: aiki ɗaya yana iya haifar da sakamako biyu, mai aikin ya nufi ɗaya, ɗayan ya zo a gefe. Wanda ya kare kansa, abin da ya nufa shi ne ransa ya tsira. Mutuwar maharin ta biyo baya ne. Kuma niyya ce ke raɗa wa aiki suna. Sai dai nan take ya sa wa maganar linzami. Ya ce aikin da ya fito daga kyakkyawar niyya yana iya zama haram idan ya zarce abin da ake bukata, saboda haka wanda ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima ya yi laifi. Ya ƙara da cewa gama-garin mutum ba shi da izinin nufin kisan kansa, ko da yana cikin kare kai. Abin da aka yarje masa shi ne ya tunkuɗe harin.

Fasalin da ke biye, na takwas, ba a cika ambatonsa ba, alhali yana da muhimmanci ƙwarai. Ya yi magana a kan wanda ya kashe mutum bisa tsautsayi. Hukuncinsa shi ne, idan mutum yana cikin aikin da bai halatta ba, ko yana cikin halattaccen aiki amma bai yi taka-tsantsan da ya kamata ba, to jinin yana wuyansa. Manomin da ya cinna wa sharar gonarsa wuta da tsakar hunturu, iska na kaɗawa, bai nufi ƙona rumbun maƙwabcinsa ba, amma ba mai hankalin da zai wanke shi.

Malaman da suka zo bayansa, musamman na Salamanca a Sifen, suka yi ta faɗaɗa wannan ɗan shafi, har a ƙarni na 19 wani fada Bafaranshe, Jean-Pierre Gury, ya tsara shi a littafin da aka daɗe ana koyar da limaman coci da shi. Siffar da aka fi sani a yau tana da sharuɗɗa huɗu. Na farko, aikin kansa kada ya zama haramtacce. Na biyu, mai aikin kada ya nufi illar, ko da ya hango ta. Na uku, kada illar ta zama ita ce hanyar kai wa ga amfanin. Na huɗu, amfanin ya zama mai girman da zai sa a jure wa illar. Wannan ita ake kira ƙa'idar sakamako biyu.

Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi wa sharaɗi na biyu da na uku. A ɗauka cewa illar da aka hango ba ta auku ba. Idan mai aikin zai yi hamdala, to ba ita ya nufa ba. Idan kuwa zai ga shirinsa ya rushe, har ya nemi wata hanyar jawo illar, to da ma ita ce makaminsa.

A gefen gadon mara lafiya

Babu inda ƙa'idar ta samu gindin zama kamar asibiti. A ɗauki mai ciwon daji da ya kai matakin ƙarshe, zogi ya hana shi barci, maganin da zai kwantar masa da shi kuwa shi ne morfin. Likitoci sun daɗe suna fargabar cewa ƙara yawan maganin zai iya danne numfashi ya gaggauta ajali. To, a bar mutum cikin azaba, ko a ba shi abin da ake tsoron zai rage masa kwana?

Abin mamaki, coci da kotu sun ba da amsa iri ɗaya a shekara ɗaya. A Fabrairun 1957 Paparoma Pius na 12, yana amsa tambayoyin ƙungiyar likitocin sa barci ta Italiya, ya ce ya halatta a ba mai jinya maganin kashe zafi ko da zai taƙaita rayuwarsa, muddin ba mutuwar aka nufa ba, kuma babu wata hanyar sauƙaƙa masa. Bayan 'yan makonni, a Landan, aka gurfanar da likita John Bodkin Adams bisa zargin kashe wata tsohuwa da magungunan sa barci. Alƙali Patrick Devlin ya bayyana wa masu taya shi yanke hukunci cewa doka ba ta ba likita izinin kisa ba, amma tana ba shi damar yin duk abin da ya dace don rage raɗaɗi, ko da hakan zai rage kwanakin mara lafiya. An sallami Adams, ko da yake zargi bai rabu da sunansa ba har ya mutu. Bayanin Devlin kuwa ya zama abin dogaro a dokar Ingila.

Shekara 40 bayan haka maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka. A shari'ar Vacco da Quill, a 1997, wasu likitoci sun ce tunda jihar New York ta yarda mara lafiya ya ƙi na'urar da ke riƙe da ransa, rashin adalci ne ta hana wani neman maganin da zai kashe kansa, domin ƙarshen duka biyun kabari ne. Alƙalai tara duka suka ƙi wannan hujja. Hukuncin ya ce doka ta daɗe tana duba niyya domin raba ayyuka biyu masu sakamako iri ɗaya: likitan da ya cire na'ura bisa bukatar mara lafiya, ko ya ba shi maganin zafi mai ƙarfi, ba ɗaya yake da wanda ya rubuta magani don a mutu ba. Kotu ce ta ƙasar da ba ta bin addini a dokokinta, amma ƙashin bayan hujjar na tambaya ta 64 ne.

Gwajin da muka ambata yana aiki sosai a nan. Likitan da ke neman kashe zafi yakan fara da kaɗan, ya riƙa ƙarawa gwargwadon zogi, ya tsaya da zarar mara lafiya ya samu sauƙi. Idan gari ya waye mutumin yana raye kuma ba ya jin ciwo, aikinsa ya yi kyau. Wanda ke neman kawo ƙarshen rai kuwa, idan gari ya waye mutumin na numfashi, aikinsa bai yi ba. Niyyar kowannensu tana rubuce a takardar magani, a adadin da lokacin da aka bayar. Ilimin kula da masu jinyar ƙarshe, wanda Cicely Saunders ta aza harsashinsa da ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, ya kuma nuna cewa morfin da aka auna daidai da zafi ba kasafai yake rage kwana ba. Wato tsoron ya fi haɗarin yawa, kuma likitan da ya hana mai ciwon daji maganin zafi saboda wannan tsoro ba shi da mafaka a kimiyya ko a ƙa'ida.

Ba kowa ya gamsu ba. Holan ta halatta wa likita ya kawo ƙarshen ran mara lafiya bisa bukatarsa da dokar da ta fara aiki a 2002, Kanada ta bi sahu a 2016. Masu wannan ra'ayi suna ganin yardar mara lafiya ce abin dubawa, ba abin da ke zuciyar likita ba. Muhawarar ba ta ƙare ba, amma ko a waɗannan ƙasashe doka ta ware kashe zafi daban, kawo ƙarshen rai daban, kowanne da tsarinsa.

Taragon da ya ƙwace

A 1967 wata ƙawar Anscombe a Oksfod, Philippa Foot, wadda ba ta bin addini, ta rubuta maƙala don gwada ƙarfin ƙa'idar. A ciki ta kawo misalin da ya fi ta suna a yau. Tarago ya ƙwace wa direbansa. A gabansa akwai ma'aikata biyar a kan layin dogo, a wani reshe na layin kuma akwai mutum ɗaya. Yawancin mutane sukan ce ya karkata zuwa inda mutum ɗaya yake. Ta kuma kawo wani misalin: masu tarzoma sun ce wa alƙali ko ya kawo wanda ya aikata wani laifi ko su kashe mutanen da suke riƙe da su, alhali ba a san mai laifin ba. Shin alƙalin ya ɗora wa wani bawan Allah laifin ya sa a kashe shi? Kusan kowa zai ce a'a. Lissafin iri ɗaya ne, rai ɗaya a madadin rayuka da yawa, amma hukuncin zuciya ya bambanta.

Ƙa'idar sakamako biyu tana da bayani. Direba ba ya bukatar mutuwar mutum ɗayan. Da zai yi tsalle ya kauce, direban ne zai fi kowa murna. Alƙali kuwa mutuwar ce hajarsa, da ita zai sayi zaman lafiya. Foot kanta ta fi karkata ga wani bayani daban, cewa haƙƙin kada ka cutar ya fi haƙƙin ka taimaka nauyi. Judith Jarvis Thomson ta Amurka ta zo ta ƙara wa misalin rassa, har da na mutumin da za a tunkuɗo daga kan gada domin jikinsa ya tare taragon. Daga nan ya zama fanni guda a falsafa, kuma ya sake tasowa da aka fara ƙera motoci masu tuƙa kansu.

Malaman Musulunci sun riga sun taɓa irin wannan mas'ala ta tasu hanyar. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna a cikin Al-Mustasfa batun abokan gaba da suka yi garkuwa da fursunoni Musulmi, ya gindaya sharuɗɗa masu tsauri kafin a yi harbi: larurar ta zama ta dole, tabbatacciya, kuma ta shafi al'umma baki ɗaya. A wuri guda ya hana mutanen da jirgin ruwansu ke nutsewa su jefa ɗayansu a teku don saura su tsira. Gazali ya gina hujjarsa a kan maslaha, Akwinas a kan niyya, amma duka biyun sun ƙi yarda cewa yawan waɗanda za su tsira kaɗai ya isa ya halatta jinin marar laifi.

A fagen fama

A yaƙi ne aka fi kiran sunan ƙa'idar, a nan ne kuma aka fi ci da guminta. Misalin da aka saba bayarwa shi ne matuƙa jirgin yaƙi biyu. Ɗaya ya jefa bam a masana'antar makamai, ya san gidajen da ke kewaye za su taɓu. Ɗayan ya jefa a unguwar farar hula domin tsoro ya sa ƙasar ta miƙa wuya. Ko da adadin mamatan ya zo ɗaya, na biyu ya yi amfani da gawarwakin ne a matsayin makami.

Tun ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu wani fada Ba'amurke, John Ford, ya yi wannan magana. A 1944, shekara guda bayan ruwan bama-baman da ya hallaka kusan mutum 40,000 a Hamburg, ya wallafa maƙala yana cewa shafe birane da bam ba zai samu mafaka a ƙarƙashin ƙa'idar sakamako biyu ba. Wanda ya zazzage wuta a kan unguwanni sukutum, in ji shi, ba zai ce masana'anta kawai ya nufa ba. Ƙasarsa yake suka, kuma yaƙin bai ƙare ba.

Wannan tunani ya shiga dokar ƙasa da ƙasa. Ƙarin yarjejeniya ta farko a kan dokokin Janiba, ta 1977, ta haramta a sashe na 51 kai hari kan farar hula da gangan, da kuma harin da ake sa ran ɓarnarsa ga farar hula za ta zarce amfanin soja da ake nema. Sashe na 57 ya wajabta wa kwamanda ya yi duk abin da zai yiwu don tabbatar da abin da zai hara, ya kuma fasa idan ya gano akasin haka. Najeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da suka amince da ita. Amurka ta sa hannu amma ba ta tabbatar ba. A shekarar ce kuma Michael Walzer, a littafinsa kan yaƙin adalci, ya ce bai isa soja ya ce bai nufi farar hula ba. Dole ya nufi kare su, har ya yarda ya ɗauki ƙarin haɗari a kansa saboda su.

A nan fasali na takwas yake shigowa, kuma maganar ba ta nesa ba ce. A daren 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa na Najeriya ya jefa bam a kan masu taron Maulidi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Rundunar ta amsa cewa kuskure ne, kamar yadda aka ce bayan harin jirgin sama a kan 'yan gudun hijira a Rann ta jihar Borno a Janairun 2017. A ma'aunin Akwinas, kalmar kuskure ba ta rufe shari'a, buɗe ta take yi. Me aka yi don tantance waɗanda ke wurin? Wa ya duba, wa ya ba da umarni, da wane bayani a hannunsa? Rashin niyya yana raba mutum da laifin kisan gilla, amma ba ya raba shi da laifin sakaci.

Inda take tuntuɓe

Suka mafi tsufa ta fito ne daga cikin gida. A 1656 Blaise Pascal, Bafaranshe masanin lissafi kuma Katolika mai tsananin riƙo, ya yi wa wasu malaman coci ba'a a cikin jerin wasiƙunsa, yana cewa sun koya wa mutane dabarar karkatar da niyya: ka tafi fagen takobi ka kashe abokin gabarka, amma a zuciyarka ka ce mutuncinka kake karewa. Idan niyya magana ce da mutum ke raɗa wa kansa, to babu ta'asar da ba za a wanke ba.

Amsar wannan ita ce aikin da Anscombe ta yi a littafinta kan niyya na 1957. Ta nuna cewa niyya ba wani zance ba ne na ɓoye da ake liƙa wa aiki daga baya. Ana gano ta ne ta tambayar mai aiki dalilin kowane mataki da ya ɗauka: don me ka zaɓi wannan wuri, wannan lokaci, wannan makami, wannan adadin magani? Amsoshin gaskiya su ne niyyar, ko mai ita ya so ko ya ƙi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A nan, a tambayi aiki.

Suka ta biyu ta fi wuyar amsawa, kuma a ɗakin haihuwa take fitowa. Koyarwar Katolika ta yarda a cire mahaifar da ta kamu da ciwon daji ko da akwai ciki, ta kuma yarda a yanke bututun da ciki ya zauna a cikinsa a wajen mahaifa, domin gaɓar da ta lalace ake magani, mutuwar ɗan tayi ta biyo baya ne. Amma ba ta yarda a taɓa ɗan tayin kai tsaye ba. A ƙarshen 2009, a asibitin St Joseph da ke Phoenix a Amurka, wata mai cikin mako 11 ta kamu da hawan jinin huhu mai tsanani, likitoci suka ga idan ba a cire cikin ba uwa da ɗa duka za su tafi. Kwamitin ɗa'a na asibitin, wanda wata 'yar zuhudu, Margaret McBride, ke ciki, ya amince, aka ceci uwar. Bishop ɗin yankin, Thomas Olmsted, ya bayyana cewa McBride ta fitar da kanta daga zumuntar coci, daga baya kuma ya cire wa asibitin sunan Katolika. Wasu malaman Katolika suka ce ya yi daidai. Wasu, su ma da hujjojin Akwinas a hannunsu, suka ce inda ɗan tayi ba zai rayu ta kowace hanya ba, abin da likita ya nufa shi ne ceton rai ɗaya tilo da za a iya ceta. Ƙa'idar da ta raba tsakanin likitoci biyu da matuƙa biyu cikin sauƙi, a nan ta kasa raba gardama tsakanin masu ita. Iyakar da ke tsakanin abin da aka nufa da abin da ya zo a gefe ba kullum take fitowa fili ba.

Suka ta uku ta masu auna aiki da sakamakonsa kaɗai ce. Su a wurinsu mamaci mamaci ne. Uwar da bam ya kashe ɗanta ba ruwanta da abin da matuƙi ya nufa. Akwai gaskiya a nan, kuma ita ce ta sa sharaɗi na huɗu da wajibcin taka-tsantsan ba su zama ado ba. Amma idan aka jefar da bambancin baki ɗaya, sai a wayi gari babu aikin da ya haramta a kan kansa: azabtar da fursuna, rataye marar laifi, ƙona birni, duk sun zama abin ciniki idan riba ta yi yawa. Kuma wanda ke riƙe da iko shi ne kullum yake yin lissafin.

Abin da ya rage a hannunmu

Ƙa'idar sakamako biyu ba injin yanke hukunci ba ce. Ba ta faɗi yawan farar hular da ya zarce kima ba, ba ta kuma warware kowace mas'alar ɗakin haihuwa ba. Amfaninta shi ne tambayoyin da take tilasta wa mai iko ya amsa, ko likita ne, ko alƙali, ko kwamanda: me ka nufa, ta wace hanya ka bi, me ka hango, me ka yi don kauce masa, kuma shin abin da ka samu ya kai abin da wasu suka rasa? Mutum ba sai ya zama Katolika ba kafin ya yi waɗannan tambayoyi, kamar yadda Akwinas bai zama Musulmi ba kafin ya karanta Ibn Rushd. Duk lokacin da mai karatu ya ji wata hukuma ta ce ba da gangan ta yi ba, to ya sani ɗaya kawai ta amsa daga cikin tambayoyin nan, kuma haƙƙinsa ne ya nemi amsar sauran.